Matakan da Muka Bi Wajen Neman Ƙanena Bayan Jami'an Tsaro Sun Tafi da Shi

A ƙarshen shekarar 2014 jami'an tsaro suka tafi da ƙanena daga unguwarmu, a wani gari na jihar Yobe, kuma bai sake taka ƙofar gidanmu ba sai a 2019. A duk tsawon wannan lokaci ba a karanta masa tuhuma ba, bai tsaya gaban alƙali ba, bai kuma ga lauya ba. Ni ne babba a ɗakinmu, mahaifinmu ya riga mu gidan gaskiya, saboda haka ɗawainiyar nemansa a wuyana ta faɗa. Ina rubuta matakan da muka bi ne domin har yau akwai gidajen da ke cikin halin da muka shiga, kuma da yawansu ba su san ƙofar da ya kamata su fara ƙwanƙwasawa ba.

Dole in fara da halin da ake ciki a lokacin, don kada wani ya zaci ban san abin da ya kawo jami'an tsaro unguwanninmu ba. A watan Yulin 2013 'yan Boko Haram sun kashe ɗalibai a makarantar Mamudo, a Fabrairun 2014 suka yi wa yara kisan gilla a kwalejin gwamnatin tarayya ta Buni Yadi, a Nuwamban wannan shekara kuma ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a tsakiyar ɗalibai a Potiskum. Tun a Mayun 2013 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa. An katse layukan waya na wani lokaci, an hana hawa babur, an sa dokar hana fita, an kafa shingayen bincike a kowace hanya. Duk mun haƙura da waɗannan, wasunmu ma har da farin ciki, domin mun binne 'yan'uwa da maƙwabta, kuma mun san cewa cikin jami'an nan akwai waɗanda suka ba da rayukansu a kanmu. Abin da ba mu lura da shi ba a lokacin shi ne, haƙurin da muka yi da ƙananan takurawa ya sa babu wanda ya iya buɗe baki sa'ad da babbar ta zo.

Bayan wani hari da aka kai kusa da mu, sai aka kewaye unguwar da asuba, aka ce duk namijin da ya balaga ya fito fili. Aka zaunar da mu a ƙasa, aka riƙa tayar da mu ɗaya bayan ɗaya muna wucewa ta gaban wata mota da ke da wani mutum a ciki wanda ba a ganin fuskarsa. Wanda ya nuna sai a ware shi gefe, wanda bai nuna ba ya koma gida. Ni na wuce, ƙanena aka ware shi. Sana'arsa cajin waya da sayar da katin waya a wata 'yar rumfa a bakin titi, inda kowa da kowa ke kawo wayarsa, wanda ya sani da wanda bai sani ba. Mun daɗe muna zaton wannan sana'a ce ta jawo masa, amma zato ne kawai, domin har ranar da aka sake shi babu wanda ya faɗa mana dalili, a baki ko a rubuce.

Matakin farko shi ne wanda kowa yake ɗauka, wato zagaya ofisoshi. Na fara da mai unguwarmu, dattijon da ya san mahaifinmu, na ce masa, "Ranka ya daɗe, kai ne shaidar yaron nan tun yana goye." Bai yi gardama ba, ya rubuta takardar shaida, ya kai ni wurin dagaci ya sa hannu ya buga hatimi. Da wannan takarda na bi ofisoshin tsaro na garinmu da na babban birnin jiha, kuma amsar da na riƙa samu iri ɗaya ce, wai ba ya hannunsu, in tambayi wasu. A wani wurin ko ƙofa ba a bari ka matsa kusa da ita. Daga baya dattawa suka ja kunnena cewa namiji mai jini a jika da ya cika zarya a irin waɗannan wurare yana iya kwana a ciki shi ma, sai mahaifiyarmu da matar ƙanena suka karɓi zuwan. Wannan ne ya sa idan ka duba masu neman 'yan'uwansu a arewa maso gabas za ka tarar mafi yawansu mata ne, ba don mazan ba su damu ba.

A wannan tsakanin ne 'yan damfara suka same mu. Mutum zai zo da sallama, ya ce yana da hanya a ciki, ya ma ga ƙanenka da idonsa, kuma idan aka ba da abin goro za a fito da shi kafin Juma'a. Mahaifiyarmu ta sayar da tumakinta a kan irin wannan alkawari, mutumin kuwa ya kashe wayarsa. Na gane daga baya cewa kasuwar waɗannan mutane ba ta da jari sai shirun hukuma, domin da akwai rajistar da za a buɗe a ce ga sunan wane, ga inda yake, da babu uwar da za ta sayar da dabbarta don sayen labarin ɗanta.

Mataki na biyu shi ne lauya, kuma samunsa bai zo da sauƙi ba. Wasu da na tuntuɓa, da jin kalmar ta'addanci sai su ce aiki ya yi musu yawa, kuma ban ga laifinsu ƙwarai ba, tunda a lokacin wanda ya kare wanda ake zargi shi ma kallon zargi ake yi masa. Wanda ya karɓe mu ya zaunar da ni ya buɗe kundin tsarin mulki na 1999, ya karanta mini sashe na 35 yana fassarawa. Sashen ya ce duk wanda aka kama a sanar da shi dalili a rubuce cikin sa'o'i 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana 2 idan babu. Ya kuma ce wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman gafara a bainar jama'a. Sashe na 36 kuwa ya ce wanda ake tuhuma mara laifi ne har sai an tabbatar da laifinsa.

Sannan ya nuna mini inda gizo ke saƙar. Shi kansa sashe na 35 ya keɓe wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne daga waɗancan wa'adodi na zuwa kotu, kuma manyan laifuffukan ta'addanci suna cikin wannan rukuni. Dokar yaƙi da ta'addanci ta 2011, bayan gyaran da aka yi mata a 2013, ta ba kotu damar ba da umarnin tsare mutum har kwana 90 bisa roƙon hukuma ita kaɗai, ba tare da an saurari wanda ake tsarewa ba, kuma ana iya sabunta umarnin. Lauyan ya ce mini, "Malam, wannan doka tana da tsauri, amma ko ita aka bi da ɗan'uwanka yana da fayil, da lamba, da alƙalin da ya san da zamansa. Matsalarmu ita ce babu alamar an nemi ko wannan umarnin." Wannan magana ce ta buɗe mini ido. Ashe abin da ya same mu ya wuce tsaurin doka, domin an ajiye mutum ne a inda dokar ba ta isa ba gaba ɗaya.

Muka shigar da ƙara a babbar kotu ƙarƙashin ƙa'idojin tabbatar da haƙƙin ɗan Adam na 2009. Waɗannan ƙa'idoji suna da amfanin da ya kamata kowane gida ya sani: ba dole sai wanda aka tsare ya shigar da ƙara da kansa ba, ɗan'uwa ko wani wanda ya san abin da ya faru yana iya yin rantsuwa a madadinsa, kuma daɗewar lokaci ba ta kashe ƙarar. Na yi takardar rantsuwa a gaban jami'in kotu, na faɗi rana da wuri da yadda aka yi kamen. Lauya ya so a samu wasu shaidu daga unguwa, amma cikin duk mazan da muka zauna tare a filin nan mutum ɗaya tak ya yarda a rubuta sunansa, wani tsohon malamin makaranta da ya ce shekarunsa sun wuce na jin tsoro. Sauran sun ba ni haƙuri, kuma na fahimce su, domin kowa yana da 'ya'ya maza a gida.

Zaman kotun ya yi ta ɗaguwa. Yau a ce sammaci bai isa ga waɗanda ake ƙara ba, gobe a ce lauyansu bai zo ba, jibi kotu ta tafi hutu. Da amsarsu ta zo daga ƙarshe, 'yar gajeriyar takardar rantsuwa ce da ke cewa ba su da wani mai wannan suna a hannunsu, kuma ba su san da kamen da muke magana a kai ba. A nan shari'ar ta cije. Alƙalin mutumin kirki ne, na ga damuwa a fuskarsa, amma yana iya umartar a kawo mutum ne idan an san wanda ke riƙe da shi. Rantsuwata da ta tsohon malami suna gefe guda, rantsuwar hukuma tana ɗaya gefen, kuma babu wata takarda ta uku da za ta raba gardama, tunda waɗanda ya kamata su rubuta ta su ne suka ƙi rubutawa. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta zo muna cikin wannan hali, da tanadin a rubuta bayanan duk wanda aka kama, a sanar da danginsa, kuma alƙalai su riƙa ziyartar wuraren tsare mutane. Tanadi ne mai kyau, sai dai bai kai ga ɗakin da ƙanena yake ba.

Mataki na uku, wanda da na sani da shi zan fara, shi ne rajistar ɓatattu. Mun kai ƙorafi a rubuce ga Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, suka karɓa suka ba mu lambar ƙorafi. Muka kuma je wurin ƙungiyar agaji ta Red Cross, inda suka cika takarda da cikakken sunansa da na mahaifinsa da na mahaifiyarsa, da laƙabinsa, da tabon da ke jikinsa, da ranar da aka gan shi a ƙarshe. Ba su karɓi ko sisi ba, kuma ba su yi mana alkawarin da ba za su iya cikawa ba. A 2019 ƙungiyar ta bayyana cewa kusan mutum 22,000 ne ke cikin rajistarta ta ɓatattu a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a lokacin. Ba duka ne ke hannun hukuma ba, akwai waɗanda 'yan Boko Haram suka sace da waɗanda gudun hijira ya raba da danginsu, amma ga iyali ciwon iri ɗaya ne.

Labarin farko na gaskiya bai zo ta kotu ko ta ofis ba. Wani bawan Allah da aka sako ne ya kira lambata, ya ce sun zauna ɗaki ɗaya da ƙanena. Ya bayyana mini cewa a ciki sukan haddace sunaye da lambobin wayar junansu, domin duk wanda Allah ya fitar ya isar da saƙo. Ya faɗi sunan da mahaifiyarmu kaɗai ke kiran ƙanena da shi, a nan na tabbata ba ɗan damfara ba ne. Ya ce an ɗauke su daga jiharmu tun da daɗewa zuwa wani wuri mai nisa. Na roƙe shi ya yi rantsuwa a kotu, ya ce, "Ɗan'uwa, ka yafe mini, ban warke ba tukuna." Ban matsa masa ba.

Akwai wani ɓangare na wannan lamari da rahotanni ba su cika taɓawa ba, wato halin da matar aure ke shiga. Matar ƙanena tana da goyo lokacin da aka tafi da shi. Da shekaru suka fara turawa, iyayenta suka aiko cewa ba za su zuba ido 'yarsu ta zauna ba ita ga aure ba ita ga zawarci ba, kuma maganarsu tana kan hanya. Muka je gaban alƙalin kotun shari'a, ya yi mana bayanin cewa a mazhabar Malikiyya matar wanda ya ɓata takan jira shekara 4 daga ranar da ta kai ƙara, sannan ta yi takaba, kuma tana da damar neman rabuwa tun kafin haka idan babu ci da sha. Sai ya tambaye mu ko mijin ɓatacce ne ko kuwa tsararre, domin hukuncin ya bambanta. Ba mu da takardar da za ta amsa masa. Yarinyar da kanta ta ce za ta jira, ni kuma na ɗauki nauyin abincinta da na ɗanta. Na san gidajen da aka yi wa mutum sadakar uku da ta arba'in, aka raba gado, matarsa ta yi wani aure, sannan ya dawo.

A watan Oktoban 2017 aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da Boko Haram a barikin soja da ke Kainji a jihar Neja, inda gwamnati ta ce tana tsare da mutum 1,669. Alƙalan babbar kotun tarayya ne suka zauna, kuma zaman farko a asirce aka yi shi. An yanke wa mutum 45 hukunci, aka sallami 468. A zama na biyu, a Fabrairun 2018, an hukunta 205, aka kuma sallami wasu ɗaruruwa. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun soki yadda aka yi, suna cewa wasu shari'o'in ba su kai minti 15 ba, kuma mafi yawan hukuncin ya dogara ne ga amsa laifi kawai. Na yarda da sukar, amma gaskiya ita ce a lokacin addu'a muke yi sunan ƙanena ya fito ko da a irin wannan kotu, domin wanda aka gurfanar an amince yana raye. Sunansa bai fito ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yawan waɗanda aka sallama ya ninka na waɗanda aka hukunta, alhali sun riga sun yi shekaru a tsare.

A wannan lokaci ne na ji labarin matan ƙungiyar Knifar a Borno, akasarinsu daga yankin Bama, waɗanda suka tattara sunayen mazajensu da 'ya'yansu sama da 1,000 suka miƙa wa hukumomi, da kuma aikin Hajiya Hamsatu Allamin na haɗa iyalan ɓatattu wuri ɗaya. Mu ma muka yi koyi da su a unguwarmu, muka buɗe littafi muka rubuta kowane suna da ranar kamu da wanda ya gani. Tun a Yunin 2015 ƙungiyar Amnesty ta fitar da rahoton cewa sama da mutum 7,000 sun mutu a hannun soja a wuraren tsarewa tun daga 2011, zargin da rundunar soja ta musanta. A Agustan 2017 fadar shugaban ƙasa ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill, ya saurari jama'a ya miƙa rahoto a 2018, amma ba a fitar wa jama'a abin da ya gano ba. Idan hukuma ta musanta adadin wasu, hanya mafi sauƙi ita ce ta fitar da nata, da sunaye.

Sakin ya zo ba zato. Aka kira ni aka ce ƙanena yana cikin waɗanda aka tantance aka ga ba su da hannu, an miƙa su ga gwamnatin jiha, in zo da shaidar hakimi da hotuna da katin ɗan ƙasa. Na cika takardar tsayawa, na sa hannu cewa zan kula da shi, zan kuma kawo shi duk lokacin da aka neme shi. Na tambayi jami'in ko za a ba mu takardar da ke nuna an wanke shi, ya ce babu irin wannan takarda. Da aka fito da shi sai da ya ce "Yaya" sannan na gane shi. Ƙafafunsa sun kumbura, fatarsa ta lalace da ƙaiƙayi, ganinsa ya ragu, kuma ya daɗe yana barci a zaune saboda haka ya saba a ɗakin da babu wurin miƙe ƙafa. Ya ce tambayoyi sau ƙalilan aka yi masa, duk a farkon kamu, daga nan babu wanda ya sake bi ta kansa.

Rashin takardar nan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda kotu ta wanke yana da hukuncin da zai nuna, amma wanda aka sako ba tare da shari'a ba yakan dawo da zargin a kansa. Wasu maƙwabta sun hana 'ya'yansu zama a sabuwar rumfarsa, wasu kuma suna haɗa shi da tubabbun mayaƙan da ake horarwa a sansanin Mallam Sidi na jihar Gombe, alhali shi bai taɓa ɗaukar makami ba balle ya tuba. Mai unguwa ne ya tashi a masallaci bayan sallar isha'i ya yi magana a kansa, sannan abin ya fara lafawa.

Na yi ta muhawara da abokai masu cewa a lokacin yaƙi ba a tsayawa bin takarda. Ban yarda ba, kuma dalilina na tsaro ne kafin ya zama na tausayi. Bayan kamen nan, mutanen unguwarmu da a da suke kai rahoton baƙuwar fuska suka daina, domin sun ga cewa kusantar jami'i haɗari ne. Wanda ya nuna ƙanena kuwa, ko kuskure ya yi ko ƙiyayya, babu alƙalin da ya taɓa tambayarsa hujja, kuma ainihin waɗanda suka kai harin ba mu ji an gurfanar da su ba. Sabuwar dokar yaƙi da ta'addanci ta 2022 ta rage wa'adin umarnin tsarewa zuwa kwana 60, wanda shi ma ana iya sabuntawa. Ragin ya yi kyau, amma ba zai amfani wanda ba a rubuta sunansa ba tun farko. Abin da nake ganin ya fi gaggawa shi ne rajista guda ta duk wanda ke tsare, wadda alƙali da lauya da dangi za su iya dubawa, da kuma hukunci a kan jami'in da ya yi rantsuwar ƙarya cewa mutum ba ya hannunsa.

Lauyanmu ya ba da shawarar mu sabunta ƙarar mu nemi diyya, tunda yanzu takardar tsayawar da na sa wa hannu shaida ce cewa an riƙe shi. Ya kuma faɗa mana gaskiya cewa ko an yi nasara, karɓar kuɗin daga asusun gwamnati yakan buƙaci amincewar antoni janar, kuma hakan na iya ɗaukar shekaru. Ƙanena ya ce ba zai iya sake tsayawa gaban mai kaki ba a yanzu, muka bar masa zaɓinsa, tunda ƙarar ba ta mutuwa da daɗewa. Kwafin duk takardun yana wurin lauya. Littafin unguwa kuma yana hannuna, mun ba Red Cross da hukumar kare haƙƙin ɗan Adam kwafinsa, kuma mafi yawan sunayen da ke ciki har yanzu babu labarin masu su.